Toni Morrison ce ta sa na koma tashin ƙarfe huɗu

Shekara uku ina jan labari ɗaya a waya, babi huɗu kacal, kullum uzurina yara da aiki. Ranar da na karanta tarihin Toni Morrison wallahi kunya ce ta kama ni. Marubuciya ce baƙar fatar Amurka, haifaffiyar Lorain a jihar Ohio a 1931, aurenta ya mutu ya bar ta da yara maza biyu ga aikin edita a kamfanin buga littattafai na Random House, amma haka take tashi tun gari bai waye ba ta yi rubutu kafin su farka. Littafinta na farko ma, The Bluest Eye, sai 1970 ya fito tana da shekara 39. To ni miye nawa?

Na saita waya ƙarfe huɗu. Satin farko dai abin dariya, kiran sallah ne ke tashina a kan darduma, waya a ƙirji, shayi ya huce. Sai da na daina rubutu a kwance na koma kujerar tsakar gida da biro da littafi sannan abu ya fara tafiya, shafi ɗaya a rana, wataran rabi.

Amma littafinta Beloved ne ya fi girgiza ni, na 1987. Sau biyu ina ajiye shi don Turancin ba sauƙi kuma labarin gaba yake ya dawo baya. Tushensa gaskiya ne, wata baiwa Margaret Garner ta gudu daga jihar Kentucky a 1856 ta tsallake kogin Ohio, da masu kamu suka cim mata sai ta kashe 'yarta da hannunta don kar a mayar da ita bauta. Na yi ta jira marubuciyar ta fito ta ce matar nan ta yi daidai ko ta yi laifi, har na kai ƙarshe shiru, ta bar ni da kayana. Ni kuwa duk inda labarina ya ɗau zafi sai in sako wa'azi in rufe, ashe tsoro ne. Na koma babi na uku na goge kusan shafi biyu, na bar jarumata ta yi abin da ta yi.

A 1993 Toni Morrison ta zama mace baƙar fata ta farko da ta ci kyautar Nobel ta adabi, ta rasu a 2019. Ni ina babi na sha ɗaya, sai dai autana ya gano ni, yanzu ƙarfe biyar yana tsaye a kaina wai shayi.