Bangayen Khartum da Masu Zana Su

A farkon shekarar 2020, ana tsakiyar sanyi, na tashi daga Kano zuwa Khartum don gaida kawuna, ƙanin mahaifiyata. Tun yana saurayi ya kama hanyar Makka ta ƙasa, guzuri ya yanke masa a Sudan, ya yi aure ya zauna. Gidansa yana unguwar Mayo a kudancin birnin, inda za ka sayi agashe, ka yi ciniki, ka yi faɗa da mai kayan miya, duk da Hausa. Ɗansa kuwa, taubashina, direban raksha ne, wato keke mai ƙafa uku irin tamu.

Na ce masa ina son ganin hubbaren Mahadi a Omdurman da mahaɗar kogin Nilu. Ya kalle ni ya ce, "Taubashi, duk baƙauye nan yake fara zuwa. Bari in kai ka ka ga bango tukuna." Na ce daga Kano zan zo kallon bango? Ya ce in yi shiru in biya kuɗin mota. Da yake ba a barin raksha ta shiga tsakiyar gari, bas muka hau.

Muka sauka kusa da Jami'ar Khartum, muka taka zuwa wajen hedikwatar sojoji. A nan ne jama'a suka yi zaman dirshan tun daga 6 ga Afrilun 2019, har sojoji suka tuɓe Umar al-Bashir ranar 11 ga watan, bayan shekara 30 yana mulki. Taubashina ya kwana a wurin ba sau ɗaya ba. Ya ce a lokacin babu bangon da aka bari fari: katangar jami'a, ƙarƙashin gada, har kwalta. Ɗaliban kwalejin zane, da masu rubuta allon shago, da yaran da ba su taɓa riƙe buroshi ba, kowa da gwangwaninsa. Wani ya kawo fenti, wata mai shayi ta ba su shayi kyauta. Cikinsu akwai Galal Yousif, da Alaa Satir, wadda ta karanta zanen gine-gine a wannan jami'a, ta kuma yi suna da zanen mata a sahun gaba na zanga-zanga.

Abin da na tarar kuwa, galibi farin fenti ne. Ranar 3 ga Yuni, ana gab da ƙaramar sallah, aka tarwatsa zaman da harsashi, likitocin da ke tare da masu zanga-zangar suka ce an kashe sama da mutum 100. Bayan haka aka bi bangayen aka shafe. Sai dai mai shafewar ya yi ha'inci a aikinsa, domin in ka matsa kusa kana hango ja da kore ta ƙarƙashi. Taubashina yana tafe yana nuna mini: nan hoton mace ne da farin lufaya, nan an rubuta "Tasƙut bas", wato "gwamnati ta faɗi kawai", nan tutar ƙasa ce ta da, mai shuɗi da rawaya da kore. Macen kuwa Alaa Salah ce, ɗaliba 'yar zanga-zanga, wadda Lana Haroun ta ɗauki hotonta tana tsaye a kan mota ranar 8 ga Afrilu.

Inda zane ya tsira shi ne cikin unguwanni, irin su Burri da ke maƙwabtaka da hedikwatar, da Abbasiyya a Omdurman. Dalili kuwa a fili yake: bangon titi na hukuma ne, bangon gida da mai shi. Wadda ta fi kowa gane wannan ita ce Assil Diab, mai sa hannu da sunan Sudalove. A Romaniya aka haife ta, a Katar ta girma, ta karanta zane a jami'ar Virginia Commonwealth. Hannunta ya faɗa ne a 2013, lokacin da ta yi aiki ƙarƙashin eL Seed, ɗan Tunisiya haifaffen Faransa mai haɗa rubutun Larabci da fentin feshi, a bangayen titin Salwa na Doha. Da juyin juya hali ya tashi sai ta dawo gida, ta riƙa zuwa gidajen waɗanda aka kashe, ta zauna da iyaye, ta nemi izini, sannan ta zana fuskar mamacin a katangar gidansu. Wanda zai shafe irin wannan, sai ya fara haɗa ido da mahaifiyar yaron.

A gaban ɗaya daga cikin irin waɗannan zane-zane muka zauna shan shayi mai na'ana'a. Fuskar saurayi ce, ta fi ƙofar gidan tsawo, yana murmushi, an rubuta sunansa da ranar rasuwarsa a gefe. Ni da na saba ganin dagi da zayyana a bangon gidajen Kano da Zariya, inda ado ke nuna arzikin mai gida, wannan ya zo mini daban: nan asarar gidan aka fitar waje. Yara suna ƙwallo a gindinsa. Wani dattijo ya zo wucewa a kan jaki, ya ɗaga hannu ya yi addu'a, bai ko tsaya ba.

Da daddare na ba kawu labari muna cin tuwon dawa da miyar kuɓewa busasshiya. Ransa bai so ba. Ya ce, "Ɗana, surar abu mai rai a bango? Mala'ikun rahama ba sa shiga gida mai hoto. Da kuɗin fentin aka yi wa yaron sadaka ya fi masa." Taubashina ya ce, "Baba, a waje yake, ba a cikin ɗaki ba." Kawu ya ce ya rufe masa baki. Inna, matar kawu, wadda tun ɗazu ba ta ce uffan ba, ta ajiye butar shayi ta ce, "Malam, har yau ba a ce ga wanda ya harbe su ba. In an shafe fuskar, wa zai ƙara tambaya?" Kawu bai amsa ba, bai kuma sauya ra'ayi ba. Ni dai na fi karkata ga Inna, ko da yake ban isa in faɗa a gaban kawu ba.

Hubbaren Mahadi na gani daga baya, da mahaɗar Nilu, da layin burodi da na fetur da ba su ragu ba duk da sabuwar gwamnatin Abdalla Hamdok. Na kuma bi bas ta Wad Madani da Sinnar zuwa Mai Wurno, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Can ma na ga "Madaniyya", wato taken neman mulkin farar hula, a jikin katangar wata makaranta, da gawayi aka rubuta.

Ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke tsakanin soja da dakarun kai ɗaukin gaggawa na RSF, Khartum ta watse. Galal Yousif ya tsallaka Kenya, yana zane a Nairobi. Kawu da iyalinsa suka koma Gadarif wajen dangin Inna. Taubashina ya sayar da raksha ya biya musu kuɗin mota, yanzu aikin gona yake yi a gonakin riɗi.