Daga Nima zuwa Aboabo da kyanwa a kujerar baya

Tsakanin Accra da Kumasi kusan kilomita 250 ne, amma ba nisan ke wahalar da kyanwa ba, zafi ne da hayaniya. Shi ya sa da za mu hutun Sallah gidan Gwaggo a unguwar Aboabo ta Kumasi da kyanwarmu, muka bar unguwar Nima ta Accra ana sallame asuba, don mu wuce cunkoson Pokuase da Amasaman kafin rana ta ɗaga.

Tun saura mako guda na ajiye akwatin ɗaukarta a tsakar ɗaki a buɗe, da tsohon zanen da take kwana a kai, har ta saba shiga da kanta. Akwatin na roba ne mai ƙofar waya da ramukan iska. Kwali ba ya yi, fitsari ɗaya ya isa ya jiƙa gindinsa, farce ya ƙarasa sauran. Likitan dabbobi ya duba katinta na rigakafin cutar haukan kare, wadda kyanwa ma ke kamuwa da ita. Ana fara allurar ne tana wata 3. A ofishinsu na gwamnati ake tambayar takardar izinin tafiya da dabba.

Abinci na ƙarshe ta ci shi ne da dare. Kyanwar da aka ɗura wa kifi da safe, kafin Nsawam za ta fara dalalar da miyau, sai amai. Ruwa kuwa ban hana ta ba.

Motar gida muka shiga. A babbar bas abin da aka saba shi ne a ce dabba ta bi kaya zuwa but na ƙasa, inda babu iska sai zafin inji da hayaƙi, ni kam ban yarda da wannan ba. Na ɗora akwatin a kujerar baya, na zarga masa bel, na yafa mayafi marar nauyi a sama na bar gefe biyu a buɗe. Ta yi ta kuka har Suhum, daga nan ta yi shiru. Kukan ba abin damuwa ba ne. Abin tsoro shi ne ka ga ta buɗe baki tana haki kamar kare, don kyanwa mai lafiya ba ta haka nan: zafi ne ko firgici ya yi mata yawa. Sai a tsaya a inuwa, a shafa mata tsumma mai ruwan sanyi a tafin ƙafa da kunne, ban da ƙanƙara. In hakin bai lafa ba, a nemi likita.

A Bunso muka tsaya shan iska, kuma a irin wannan wuri ake asarar kyanwa. Yara kan ce a fito da ita ta miƙe ƙafa, babbar mota ta danna oda, ta fizge ta faɗa daji, shi ke nan. Sai da muka rufe gilasai duka, iyakwandishan na aiki, sannan na buɗe ƙofar akwatin na miƙa mata ruwa a murfin kwalba. Ba a barin ta a motar da aka kashe ko na minti 10. Direbanmu ya ce, "Hajiya, a ba ta rabin farasitamol mana ta yi barci." Na ce, "Haba Malam, ai guba ce gare ta." Yana lalata mata jini da hanta, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Haka ma maganin ƙuma na karnuka mai sinadarin famitirin.

Duwatsun Kwahu suka bayyana a Nkawkaw, muka wuce Konongo da Ejisu, muka shiga Kumasi wajen azahar.

Gidan Gwaggo gidan yawa ne, ƙofa ba ta rufuwa, ga kyanwowin unguwa da ba sa son baƙuwa. Na sa ta a ɗaki ɗaya na kwana 3, da roba mai faɗi cike da busasshen yashi, kwanon ruwa kuma nesa da yashin. Ranar farko ta shige ƙarƙashin gado ta ƙi abinci, ban tilasta mata ba. In ƙin cin ya haura kwana biyu ne ake kai ta wurin likita. Na roƙi Gwaggo a ja wa jikoki kunne kan ƙofar, kuma in za a fesa maganin sauro a fito da ita a akwatinta sai warin ya fita.