Yadda Ake Fitar da Shaho da Shirwa a Saƙar Hannu

Kada ka ce sai ka saƙa tsuntsun gaba ɗaya. Ɗauki alama guda da ido zai gane. Ta shirwa ita ce wutsiya mai baki biyu, ta shaho kuwa ratsin ƙirji.

Ratsin ya fi sauƙi: jefa ƙoshiya sau 2 da zare mai duhu, sau 4 da fari-fari, lokaci-lokaci ka mai da shi 3 da 5. Gashin tsuntsu ba ya tafiya a jere kamar an auna, kuma wannan ɗan saɓanin ne ke sa zanen ya yi rai.

Wutsiyar shirwa ce mai wahala. Zana ta a takarda mai gida-gida, amma fara ƙirga zarenka. In na tsaye 12 ne a santimita, na kwance 8, siffar za ta miƙe ta yi tsawo, sai ka rage layukanta na kwance da kashi ɗaya cikin uku. Kada zaren ado ya tsallake fiye da zare 5, zai riƙa maƙalewa.

Bangon kuwa launin busasshiyar ciyawa ya fi kyau. Wanke rinannen zare kafin ka ɗaura, don baƙi yakan zuba a kan fari.