Daga Nima zuwa Fadar Manhyia

Da asuba na bar Nima, unguwa a Accra, na hau motar Kumasi. Mun ɗan yada zango a Nkawkaw, azahar ta same ni a Aboabo, gidan kawuna. Washegari, ana gama koko da ƙosai, na ce, "Kawu, Manhyia za ka raka ni." Ya yi dariya, ya ce shekara arba'in yana wuce ƙofar, bai taɓa leƙawa ba. Ga shi kuwa tsakanin unguwarsu da fadar babu wani nisa.

Manhyia ita ce fadar sarkin Asante. Gidan tarihin da ke cikinta bene ne madaidaici da Turawan Ingila suka gina a 1925 don Sarki Prempeh na Ɗaya, bayan ya dawo daga tsibiran Seychelles a 1924. Tun 1896 suka raba shi da ƙasarsa. A 1995 aka mai da gidan ma'ajiyar tarihi. Akwai siffofin sarakuna da aka sassaƙa, suna zaune cikin kente, sai ka rantse za su amsa sallama. Mun ga kayan zinariya da aka kwashe a yaƙin 1874, wanda sojojin Ingila ƙarƙashin Janar Wolseley suka ƙone Kumasi, da wasu da aka kwashe daga baya. Guda 32 ne suka zo daga gidajen tarihi biyu na Landan a 2024, wai aro aka bayar. A ara wa mutum kayan kakanninsa! Wannan ya tsaya mini a rai.

Inda muka fi daɗewa shi ne maganar batakari, rigar yaƙin sarkin Asante, wadda layu suka rufe ta ruf. Mai yi mana jagora ya ce malaman Musulmi ne suke rubuta su. Kawu ya matsa kusa, ya gyara tabarau.

"Ka ji ko, ɗana? Tun zamanin fataucin goro, da ayari ke tasowa daga Kano ya sauka Salaga, malamai ke shigowa garin nan. Sarakunan Asante na neman addu'arsu, su ne kuma masu rubuta musu wasiƙu da Larabci."

Ban taɓa jin muryarsa tana rawa haka ba. Ni kaina a Zongo na tashi ina ɗaukar Manhyia tarihin wasu ne, ashe akwai tawadar malamanmu a ciki.

Da muka fito, a ƙarƙashin wata bishiya ya tsaya ya kira babban jikansa a waya, ya ce ranar Asabar ya tara ƙannensa, zai kawo su.