Lambun da Ke Zaune a Kan Katangu

Mu huɗu ne a ɗan kamfanina, da ƙaramar mota ɗaya. Babban aikinmu shi ne kula da wani lambu a gaɓar tekun Liguriya, kusa da Ventimiglia, dab da iyakar Italiya da Faransa. Lambun a jikin dutse yake, hawa-hawa, tun daga titi har bakin ruwa. Baro ba ya shiga. Taki, tsakuwa, reshen da aka sare, duk a kafaɗa ake hawa da su matakala.

Masu zuwa ziyara lemun tsami suke yabawa, da zaitun da alobera. Ni idan na iso da safe katanga nake fara dubawa. Kowane hawa katangar dutse ce ke riƙe da ƙasarsa, wadda aka jera ba laka ba siminti. Mutanen nan suna ce wa waɗannan hawa-hawan fasce, kuma a 2018 UNESCO ta sa wannan irin gini cikin al'adun da ake karewa. Hikimar ita ce ruwa ya sami hanyar fita ta tsakanin duwatsu. Rani a nan busasshe ne, sai Oktoba da Nuwamba sama ta saki ruwa lokaci guda.

Wata shekara mai lambun ya matsa sai an toshe wata katanga da siminti don ta yi kyau. Na ce masa, "Maigida, ruwan zai taru a bayanta." Bai ji ba, ni kuma na yi, kuma har yau ina jin zafin hakan. Damina ta biyu katangar ta yi ciki, ta zube a kan bishiyoyin lemu uku. Mako biyar muka yi muna tsince duwatsun muna sake jerawa: manya a ƙasa, kowanne ya hau kan biyu, a ɗan kwantar da fuskar katangar zuwa wajen tudun, a cika baya da tsakuwa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne jan ƙwaron dabino, wanda ya shigo Italiya wajen 2004 ya yi ta cinye wani irin dabino da ake kira na Kanari, har a garin Bordighera da ta yi suna da dabino. Tsutsarsa a cikin zuciyar bishiya take ci. In ka kara kunne a jikin gungumen sai ka ji ƙurus-ƙurus. Kafin kan ya sunkuya kamar laima, an makara.

Idan wata shuka ta rikita ni, nakan je lambun Hanbury a La Mortola, wanda Thomas Hanbury ya fara a 1867, yanzu kuma Jami'ar Genoa ke kula da shi, in ga inda suka ajiye tasu da irin inuwar da suka ba ta.

Gobe za mu yashe magudanan hawa na sama. Ganyen zaitun ya cika su, kuma gajimare ya fara haɗuwa ta wajen teku.