Kemo ya kwashe gashi, sannan a tura ki gashi

Hausa ta yi wa masu sankarar mama shiri tun kafin su zo. Maganin farko, wato kemo, yana zubar da gashin kai ƙarƙaf, kina gama shi da tiyata kuma likita ya rubuto takarda ya ce saura gashi, wato na inji, wanda ake haska wurin ciwon don ƙone sauran sankarar. Wadda ta iya yin dariya a wannan gaɓar ba raina ciwon ta yi ba. Dariya ba ta rage girman ƙari ko da ƙwayar gero, amma jinyar nan takan ci wata shida zuwa shekara, kuma mace tana buƙatar abin da zai sa ta sake ɗaura zani ta koma asibiti bayan zagayen da ya wahalar da ita. Sharaɗin kawai shi ne ki san inda wasa ya tsaya.

Tun daga gwaji ake fara jin maganganu. Za a ce miki daji ba ya son ƙarfe, da allura ta taɓa shi zai bazu. Ba haka ba ne. Ɗan naman da ake tsakura shi ne zai nuna ko sankara ce, kuma a kansa ake yin gwajin wasu alamomi uku na ƙwayoyin sankarar, ER, PR da HER2, wanda ke faɗa wa likita irin maganin da zai ci ƙarin. Ki nemi sakamakon nan guda uku a rubuce, ki yi hotonsa a waya, domin duk asibitin da kika je sai an tambaye ki. Kafin a fara kemo za a duba jini, hanta, ƙoda, a kuma yi hoton zuciya.

Tsarin kemo da aka fi yawan bi shi ne doxorubicin da cyclophosphamide sau huɗu, duk bayan mako uku, sai a biyo da paclitaxel duk mako har sau 12, ko docetaxel sau huɗu. Likitanki zai iya canza wannan bisa ga sakamakonki. Doxorubicin ja ne wur kamar zoɓon da ba a sirka ba, a Amurka ma jan shaiɗan suke ce masa. Zai mayar da fitsarinki ja na kwana ɗaya ko biyu, launin maganin ne ba jini ba, don haka kada a tashi gida da salati. Abin da ba na wasa ba shi ne lokacin da ake tura shi. Idan kika ji zafi, raɗaɗi ko kumburi a inda allurar take, ki yi magana nan take, kada ki yi kara ko kunyar nas. Maganin nan idan ya zuba a wajen jijiya yana cinye nama, ya bar gyambon da zai iya kaiwa ga tiyata. Ki sha ruwa sosai tun jajiberin ranar don jijiya ta fito, ki kuma haƙura da lalle a bayan hannu, musamman baƙi, saboda yana ɓoye jijiyar da kuma jan da fata ke yi idan an samu matsala. Cyclophosphamide kuma yana damun mafitsara idan ya zauna, saboda haka ki sha kamar lita biyu zuwa uku a ranar da washegari, in dai likita bai taƙaita miki ruwa ba, kuma kada ki riƙe fitsari. Idan zagaye ya faɗo cikin watan azumi, ku yi maganar da likita tun da wuri. Marar lafiya tana da rangwame.

Maganin tashin zuciya ana shansa ne a kan lokacin da aka rubuta, ba sai amai ya taso ba. Ondansetron yana sa bayan gida ya yi tauri, ki tanadi gwanda, miyar kuɓewa ko ta kuka, da ruwa. Dexamethasone kuwa shi ne zai tashe ki ƙarfe biyun dare da ƙarfin da za ki ji kamar ki wanke tukwanen unguwa, ga yunwa kamar ta mai jego. Ki sha shi da safe da rana idan an yarda, kuma mai ciwon suga ta riƙa auna sugarta a kwanakin. Ƙamshi ma zai zama abokin gaba: turaren wuta, humra, daddawa, suyar albasa. A gaya wa masu zuwa dubiya su bar kwalliyar turare a gida. Abinci mai ɗan sanyi ya fi shiga, kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a rana. Kunu, fate, dafaffen ƙwai, shayin citta. Idan baki ya koma ɗanɗanon ƙarfe, ki ajiye cokalin ƙarfe ki koma na roba ko ludayi. Don gyambon baki, ki zuba ƙaramin cokali ɗaya na gishiri da ɗaya na bekin soda a lita guda ta tafasasshen ruwan da ya huce, ki riƙa kuskurewa bayan kowane abinci. Kanwa ba ta maye gurbinsa.

Gashi yakan fara zuba tsakanin mako na biyu da na uku bayan allurar farko, kuma fatar kai takan yi tsami kafin nan. Ki tsefe kitso tun da wuri. Mata da yawa sun fi son su rigaye shi, a aske da injin aski na gida mai tsabta, ba reza ba, ba kuma askar wanzami ba, don yanka ƙarami a wannan lokacin yana iya zama babba. A nan Bahaushiya ta fi wasu matan duniya sa'a, tunda dama da ɗankwali da hijabi take fita, sai wadda ta gaya wa ce za ta sani. Matsalar kawai ɗankwali ba ya zama a kan tal-tal, santsi yake yi. Ki sa hular auduga a ciki, sannan ki ɗora acuci idan kina son ɗauri ya tashi. Da an yi shi ne don a cuci maza, yanzu ya samu aikin lada. Gira da gashin ido ma za su iya tafiya, jagira ta rufa asiri. Kuɗin kitso da na shamfu na wata shida kuwa sun zama riba. Gashin yana dawowa makonni kaɗan bayan an gama, wani lokaci da laushi irin na jariri, wani lokaci da furfurar da ba ki yi oda ba.

Ga inda dariya take tsayawa cak. Daga kwana na 7 zuwa na 14 bayan kowace allura, fararen ƙwayoyin jini, sojojin jiki, suna sauka ƙasa sosai. Ki sayi ma'aunin zafin jiki kafin ki sayi komai. Idan ya nuna 38 ko sama, ko kika ji sanyi da karkarwa, asibiti za a tafi a wannan sa'ar, ko tsakar dare ne. Kuskuren da ya fi yawa a wajenmu shi ne a ce zazzaɓin cizon sauro ne, a aika yaro kemis ya sayo magani da farasitamol, a jira gari ya waye. Farasitamol zai ɓoye zafin, ƙwayar cuta kuwa tana yawo a jini babu mai tare ta, cikin sa'o'i kaɗan lamari ya ɓaci. A asibiti ki fara da cewa kina kan kemo, ki faɗi ranar allurar ƙarshe, a yi gwajin maleriya da ƙidayar jini tare. A waɗannan kwanakin ki ƙaurace wa gidan biki da cunkoso, nonon da ba a dafa ba, zoɓon leda, kwaɗon talla da naman da ya wuni a buɗe. Ki kwana a gidan sauro. Idan an koma paclitaxel kuma yatsun hannu ko na ƙafa suka fara mutuwa, ko kamar kiyashi na tafiya a kai, ki faɗa kafin allura ta gaba don a rage, in ba haka ba yana iya zama na dindindin.

Sai 'yan dubiya, waɗanda kowa cikinsu likita ne. Wannan ta zo da ganye, waccan da saiwa, wata da labarin maƙwabciyarta da aka yanke wa mama bara, Allah ya jiƙanta. Ki tanadi amsa ɗaya: na gode, zan nuna wa likita. Ki kuma nuna masa da gaske, domin wasu jiƙe-jiƙen suna wahalar da hanta da ƙoda har a ɗaga ranar kemo, abin shafawa a kan ƙari kuma yakan fasa fata. Ciwon ba a ɗaukarsa, a ci da ke a kwano ɗaya. Barkwanci kuwa na mai ciwon ne, ita za ta fara, saura su bi. Taubashiya ko jika suna da lasisin tsokanar kan da babu gashi idan ta ba da fuska. Kishiya da dangin miji ba su da shi. Ranar da ba ta son dariya kuma, a bar ta ta yi kukanta, kada a ce ta cika raki. Maigida ya sani cewa ba a ɗaukar ciki ana kemo, ba a shayarwa, kuma tsayawar al'ada ba ta nufin ciki ba zai shiga ba. A tambayi likita hanyar tazara da babu sinadarin hormon a ciki.

Bayan tiyatar cire ƙarin ko maman za ki fito da siririyar roba da ke tsiyayar da ruwa cikin 'yar gora. Ki riƙa rubuta adadin kullum. Yawanci ana cirewa idan ya sauka zuwa wajen mililita 30 a awa 24. Motsa kafaɗa da aka koya miki, irin hawa bango da yatsu, kada ki yi wasa da shi, saboda a wajen gashi sai kin ɗaga hannu sama da kai kin riƙe. Idan an cire kaluluwar hammata, hannun wannan ɓangaren yana iya kumbura ko bayan shekaru. Ki kiyaye shi daga ƙuna da yanka, ki bar matsattsun awarwaro, ki miƙa ɗayan hannun don awon jini da allura idan da hali. Maman roba na silikon sai ciwo ya warke, kamar mako shida zuwa takwas. Kafin nan ana cusa auduga a rigar mama, ita kuwa audugar ba ta da nauyi, kina tafiya tana hawa, sai ki duba madubi ki tarar ɗaya na kallon gabas ɗaya ya kusa kafaɗa. Tela ta ɗinka miki aljihu a cikin rigar, a kuma ƙara wa abin ɗan nauyi, kada ya faɗo a ruku'u a gaban jama'a.

Gashin inji ba ya zafi a lokacin da ake yi, minti kaɗan ne a kwance, Litinin zuwa Juma'a, sau 15 a mako uku ko sau 25 a mako biyar. Wuraren da ake yi ba su da yawa: akwai Shika a Zariya, Sakkwato, Abuja, a Nijar kuma Yamai. Ki kira ki tabbatar da ranarki kafin ki kama hanya, ki nemi masauki na dukkan makonnin, don tsallake kwanaki yana rage amfanin aikin. Bakanuwar da aka tura Zariya ta shirya wa tsokanar Zage-zagi, su ma abokan wasa wani magani ne. Alamun da aka zana a fatarki kada ki goge su. Wanka da ruwa mai ɗumi-ɗumi, ban da soso, ban da man zafi, ban da man bilicin, riga ta auduga sakakka. Fatar za ta yi duhu, ta fi damunki mako ɗaya ko biyu bayan an gama, sannan ta lafa. Ba kya ɗauke da wani haske a jiki, ki rungumi jikokinki.

Wadda gwajinta ya nuna HER2 za ta ci gaba da maganin trastuzumab duk mako uku har shekara, tare da hoton zuciya duk wata uku. Mai ER kuma za a ɗora ta a kan tamoxifen, miligiram 20 kullum na shekara biyar zuwa goma, ko letrozole ga wadda ta daina al'ada. Tamoxifen yana kawo zafin jiki da gumi na farat ɗaya, a watan Afrilu ba wuta kuwa sai mafici ya zama ɗan gida. Kada ki daina sha don wannan, ki gaya wa likita. Amma zubar jini ba lokacin al'ada ba, kumburin ƙafa ɗaya mai ciwo, ko numfashi ya riƙa yankewa, waɗannan ba sa jiran ranar asibiti ta gaba.