Alhamis, ranar masu ciwon gwiwa

Yau kasuwar Damagaram ke ci, don haka mutanen ƙauye sun cika ɗakin duba marasa lafiya, da yawansu tsofaffi masu kuka da gwiwa. Kusan kowa cewa yake: "Sanyi ne ya shige ni." Da yawa sun fi jin ciwon da hunturu, amma hoton ƙashi wani abu daban yake nunawa.

Ƙasusuwa uku ne ke haɗuwa a gwiwa: ƙashin cinya, ƙashin ƙwauri da ƙoƙon gwiwa. Bakin kowanne lulluɓe yake da guringuntsi mai santsi, kaurinsa milimita 2 zuwa 4 a yawancin wurare. Babu jijiyar jini a cikinsa, ruwan gaɓa ne ke ciyar da shi idan ana motsi, shi ya sa in ya zaizaye ba ya komawa yadda yake. Babu jijiyar jin zafi kuma, sai ya yi shekaru yana cinyewa mutum bai sani ba.

Hoton wata dattijuwa daga wajen Mirya ya nuna komai. Tazarar da ke tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri ta ɓangaren ciki ta kusa rufewa, domin nan ne mafi yawan nauyin jiki ke sauka. Ƙashin da ke ƙarƙashin guringuntsin ya yi tauri, ya fito fari fat. A gefe-gefe ƙashi ya yi tsiro, shi ne ke sa gwiwa ta yi kauri ta ƙi lanƙwasuwa a zaman tahiya. Da ɓangaren ciki ya lotsa, ƙafar ta gantsare kamar baka, nauyi ya ƙara komawa inda ya riga ya lalace. Wannan hoto a tsaye ake ɗaukarsa. In a kwance ne, tazarar takan buɗe, ciwon ya yi kamar bai kai haka ba.

Ga mata akwai ƙari. Bayan ɗaukewar al'ada ƙashi kansa yana rage ƙarfi, ya riƙa yin ramuka a ciki, faɗuwa kaɗan sai karaya.

Dattijuwar ta ce, "Ɗana, to in kwanta ke nan?" Na ce, "A'a, Inna, kwanciya ita ce za ta ƙarasa ta." Naman gaban cinya ne ke tallafar gwiwa, in ya saki, duk nauyi kan ƙashi yake faɗawa. Na ba ta shawara ta riƙa zama a kujera, ta miƙe ƙafa sambal, ta riƙe daƙiƙa 5 zuwa 10, ta sauke a hankali, sau 10 kowace ƙafa, safe da yamma. Ta riƙa tafiya a shimfiɗaɗɗen wuri. Sanda a hannun da ke ɗaya ɓangaren ake riƙe ta, ba a gefen ciwon ba, kuma nan ne yawanci ake kuskure. Ta rage dogon tsuguno da ɗaukar jarka. Mai ƙiba kuwa, kilo 1 da ya rage yana sauke wa gwiwa kusan kilo 4 a kowane taku.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙwayoyin 'yan talla. Diklofenak kullum-kullum yana cin ciki, yana taɓa ƙoda, balle ga tsoho mai hawan jini. Deksametazon yana kwantar da ciwo nan take, amma in an daɗe ana sha, ƙashin ne yake ƙara cinyewa. Tsaga da ƙaho kuma a fata suke tsayawa.

Sanƙarewar safe ta wannan ciwo ba ta cika wuce minti 30 ba. In gwiwa ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi, ga zazzaɓi, mai yiwuwa ƙwayar cuta ce ta shiga gaɓar. A kai mutum asibiti a ranar.